Baffa da Duwatsun Yamma

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Baffa, yayan mahaifina, ya riga mu komawa a farkon sanyin bana, a gidansa na Ƙuba a Madina, yana kishingiɗe a kan tabarmar da ya ƙi yarda a sauya masa da gado. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi Baƙi'a. Ina rubuta wannan ne saboda jikokinsa, waɗanda ke jin Hausa amma su amsa da Larabci, kada watarana a tambaye su wane ne kakansu su ce wani tsoho ne mai baka rataye a bango.

A kwanakin zaman makoki an jera kujeru a ƙofar gida, ana zagayawa da gahawa da dabino. Tsofaffin da suka yi aikin gonakin dabino tare da shi suka zo suna dogara sanda. Ba su yi dogon zance ba. Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Ya samu ƙasar," wato ya cika a Madina, sauran su gyaɗa kai. Wani maƙwabcinmu Balarabe ya yi kuka har da shessheƙa, ya ce Baffa bai taɓa wuce ƙofarsa bai tambayi lafiyar mahaifiyarsa ba, har bayan ta rasu yakan manta ya tambaya. Yaya, babban ɗan Baffa, wanda ya yi aikin soja har ya aje, yana tsaye ƙyam yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe. Sai da aka fito da kwarin kibiyoyin Baffa za a adana, a nan ya juya wa mutane baya.

Gwaggo kuwa, autarsu Baffa, ta aiko a kira ni zuwa ƙofar ɗakin mata. Ta kama hannuna da hannu biyu.

"Kai ka dawo mini da shi," ta ce. "Wallahi da a can kan dutsen ya cika, da ban sake samun barci ba har in bi shi. Allah ya yi maka albarka, ya waladi."

Na ce amin. Duk wanda ya ji labarin tafiyarmu sai ya dafa kafaɗata kamar na ci yaƙi. Ni kuwa na san abin da Baffa ya faɗa mini a kan dutsen, wanda sai bayan an tashi daga makoki na iya gaya wa Gwaggo.

Bari in fara da kaina, don a gane irin abokin tafiyar da Baffa ya zaɓa. Ni direba ne. Ina ɗaukar alhazai a bas in kai su ziyara Ƙuba da Ƙiblatain da Uhudu, kuma a bakinsu Hausata ta tsaya da ƙafarta. Abokan aiki suna kirana Kunkuru saboda ba na gudu. Ina tsoron tsawa, ina tsoron kare, ina tsoron hawa tsani. Matata ce ke kashe kunama a gidanmu, ni ina nuna mata inda take daga bakin ƙofa. Ba na jin kunyar faɗa, duk dangi sun sani.

Baffa shi kaɗai ne a cikinmu da aka haifa a ƙasar Hausa. Kakanmu maharbi ne daga arewacin Damagaram. Ya taso da matarsa da ɗansa na fari, wato Baffa, lokacin yana da wayon da zai iya riƙe wa ubansa kwari. A ƙafa suka zo, suna tafiya suna tsayawa su yi noma ko ƙodago, su ƙara gaba, har suka ƙetare teku, suka yi hajji, suka iso Madina. Abin da Kaka bai lissafa ba shi ne Madina harami ce, ba a farauta a cikinta, ko tsuntsu ba a razanarwa. Mutumin da ƙauyuka suka san shi da baka sai ya rataye bakan a bango, ya koma ban ruwa a gonar dabino har ƙarshen ransa. Mahaifina da Gwaggo a nan aka haife su, ba su taɓa ganin ya ɗana kibiya ba.

Baffa ya gaji bakan, ya gaji aikin gonar, ya kuma gaji takun maharbi. Ba a jin zuwansa. Kana zaune sai ka ji numfashi a bayan wuyanka, ka daka tsalle, shi kuwa ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ya fi yi wa haka, don ni na fi tsalle. Idan ya fito da safe sai ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya ce yau za a yi zafi ko za a yi ruwa, kuma a yi. Yaron da ya ɗaga dutse zai jefi tattabara, ko ɗan wane ne, Baffa zai murɗe masa kunne. "Nan ba daji ba ne," in ji shi. "Nan kowa baƙo ne, har ita." Da ƙuruciyarsa yakan bi wasu abokansa Larabawan ƙauye su fita wajen haddin harami zuwa duwatsun Fiƙra, yamma da gari, su harbo rema su gasa. In aka tambaye shi sai ya taɓe baki ya ce wannan ba farauta ba ce, cefane ne.

Akwai wata ɗabi'arsa da muke yi wa dariya. A Madina alƙibla kudu take, yaro ma ya sani. Amma Baffa in zai yi salla sai ya ce, "Ku gyara mini tabarma ta dubi gabas." Jikoki su haɗa baki, "Ya jaddi, janub!" Shi kuwa ya ce, "Ku da janub ɗinku. Inda Ka'aba take nan ne gabas." Alhazaina ma haka suke cewa, don a ƙasarsu gabas suke fuskanta. Na sha ba da wannan labarin a bas ana dariya, ban ɗauke shi komai ba.

Ranar da matata ta yi doguwar naƙuda a haihuwarta ta fari, ina zaune a barandar asibiti gwiwoyina suna karo da juna. Yaya ya zo ya ce in yi ta maza, in daina ba su kunya. Baffa ya kore shi. Ya zauna kusa da ni, ya ɗora tafin hannunsa mai kaushi a kan gwiwata har ta lafa. Can ya ce, "Babana bai taɓa shiga daji da jarumi ba. Jarumi gabansa kawai yake kallo. Matsoraci yake nema, don shi ke ganin macijin, shi ke jin reshe ya karye a baya. In na tashi tahiya, da kai za ni." Haka yake cewa, tahiya, irin ta mutanensu. Na ji daɗi ƙwarai a ranar. Ban san alkawari ya ɗauka da gaske ba.

Bara likita ya ce zuciyar Baffa ta gaji, ya ba shi ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, ya ce a hana shi wahala. Ba a jima ba Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi ya sauko da bakan yana shafa masa mai.

"Lokaci ya yi, ɗana," ya ce. "Za mu duwatsun yamma, harbin ragon dutse. Doguwar tahiya ce, ba ta je ka dawo ba. Ka shirya gidanka."

Duwatsun yamma na san su: Fiƙra da abin da ke bayanta, inda hanya ke nannaɗe dutse tana hawa, gefe ɗaya bango gefe ɗaya rami, inda waya ba ta kamawa. Ragon dutse kuma na fassara wa kaina shi da wa'al, akuyar dutsen nan mai dogayen ƙahoni, wadda hukuma ta hana harbi.

"Baffa, ai mamnu ne. An hana. Kama mu za a yi."

"Za mu nemi izinin Sarkin Baka," ya ce, bai ko ɗago ba. "Ba a shiga dajin mutane babu sallama."

Na ɗauka shehin Larabawan wurin yake nufi da irin sunayensa na da. Na koma gida na kasa cin abinci.

Daga ranar shiri ya kankama. Duk Juma'a bayan an sakko daga masallaci sai in je in same shi da sabon aiki. Ya sa aka nemo masa gero aka daka gumba. Ya sa aka yanyanka nama aka shanya a rufin gida, yana zaune da sanda yana gadin sa daga kyanwoyi. Ya ce shi ba ya shan ruwan roba a daji, sai na zaga gari neman salka, har na samu wata a wurin mai sayar da tsofaffin kayan ado. Ya jiƙa ta, ya ɗinke inda take yoyo da hannunsa. Na sayo masa takalmin hawan dutse mai igiya, ya jujjuya shi ya ce da wannan ai tun daga ƙasa ragon zai ji mu, ya ba ni kayana. Ya koya mini yadda ake bin ragon dutse: ba a biyo shi daga ƙasa, don ƙasa yake kallo, sai a hau sama da shi a sauko masa. Iska ta riƙa bugun fuskarka, in kana shakka ka saki toka kaɗan ka ga inda ta nufa. Ya ce a gidansu ba a kiran sunan damisa in an shiga daji, sai a ce mai wurin. Ni da ban tambaya ba, ga shi an ƙara mini damisa a kan abin da ke damuna.

Na tambaye shi yaushe ne tashin. Ya ce sai damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe. Na ce Baffa, ina damina a Madina? Ya ce can akwai. Na yarda, don kan duwatsun akan yi ruwa. Sai ya ƙara da maganar da ta fi tsaya mini a rai.

"Wuyar tahiyar ruwan ne. In mun ƙetare ruwa, sauran duk sauƙi."

Ruwan da na sani a hanyar nan ɗaya ne, wanda muke kira sel. Ambaliya ce da ke gangarowa cikin kwazazzabai daga ruwan da aka yi can nesa. Kai sama a kanka garau, sai ka ji ruri, kafin ka juya ta kwashe mota da mutanen ciki. Na ga irin haka a waya sau da yawa, kuma ni ba na manta abin tsoro.

Da Gwaggo ta ji shirin ya wuce wasa, sai ta zo da kanta, ko abaya ba ta cire ba. Ina nan, Yaya ma yana nan.

"Ɗan'uwana," ta ce, "Baba ya ci shekaru a hanya, ya binne 'ya'ya a Sudan, don ya mutu a garin nan. Kai ka zauna a ciki har ka tsufa. Yanzu da ya rage maka taki ɗaya, sai ka ce za ka je ka faɗi a kan dutse kura ta ja ka?"

Yaya ya ce in ma abin ya zo ai sai a ɗauko shi a kawo shi gida. Gwaggo ta yi kansa.

"Uskut, yi mini shiru! Mutuwa a Madina ake roƙo, ba a kawo ka Madina a bayan sayyara kamar buhun shinkafa ba."

Baffa ya bari ta gama. Sannan ya ce a hankali, "Ke ba ki san Baba ba. Mai ban ruwa kika sani."

Maganar ta soke ta. Ta fita tana kuka, ta ɗauke ƙafa daga gidan. Yaya kuwa ya yi irin ta soja, ya ɗauke bakan ya kai gidansa a Jurf ya kulle. Baffa bai yi faɗa ba. Ya dai daina cin abinci, ya daina tsorata ni daga baya. Wata safiya aka nemi tsoho aka rasa. Maƙwabcin nan Balarabe ne ya tsinto shi a bakin babbar hanyar da ta nufi yamma, da salka a kafaɗa da sanda, rana ta buɗe, leɓensa ya yi fari. Da aka dawo da shi kowa ya gane in ba a kai shi ba zai kai kansa.

Aka yanke shawara a mayar masa da bakansa, in ɗauke shi a mota mu yini a Fiƙra, ya ga duwatsu ya shaƙi iska, mu dawo kafin magariba. Yaya ya ce zai bi mu. Baffa ya ce in jarumi zai je shi ya fasa, kuma ya san hanyar ƙafa. Dole aka bar ni ni kaɗai. Safiyar tafiyar ya bi ɗaki ɗaki yana neman gafara, yadda maharbi ke yi in zai daɗe a daji. Gwaggo ta zo. Ta ce ta yafe, amma fuskarta na kallon bango. A bakin ƙofa ta damƙa mini ƙwayarsa ta matse hannuna a kai.

"Da ransa ka fita da shi," ta ce. "Da ransa za ka shigo da shi."

A bakin gari akwai ginshiƙan da ke nuna inda haddin harami ya ƙare. Na wuce su da alhazai ba adadi ban taɓa kallon su ba. Ranar nan kuwa na bi su da ido a madubi suna ja da baya. Daga nan duk abin da ya samu Baffa, ba a Madina ya same shi ba, kuma a hannuna ne. Na fi kallon ƙirjinsa a kan kallon hanya. Shi kuwa ya sake, bakan na kan cinyarsa, yana wani ɗan kirari ƙasa-ƙasa da ban taɓa jin sa a bakinsa ba. Da muka bar babbar hanya muka kama ta duwatsu ya kalle ni, kamar zai yi magana, sai ya fasa. Gaba kaɗan na hango hadari ya taru baƙi ƙirin a kan tsaunuka. Duk kwazazzabon da muka iso sai in tsaya, in leƙa sama da shi, in saurara, sannan in tsallaka ina salati. Duk a bushe suke. Da hawan ya fara, birai suka jeru a kan duwatsu suna kallon mu. Ban yarda na dubi ramin da ke gefena ba ko sau ɗaya.

A can sama akwai sanyi da 'yan itatuwa gajeru. Na samu fili na tsaya, na shimfiɗa masa tabarma, na fito da salkar da gumbar don ya ga an girmama shirinsa.

"Baffa, alhamdu lillahi, mun iso."

Ya fito a hankali. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya dubi hagu ya dubi dama.

"Mun iso ina?"

"Duwatsun yamma."

"Wannan Fiƙra ce," ya ce. "Na kwana a nan ba ka zo duniya ba. Nan ai rema ce da birai. Na ɗauka yanke ka yi. Ina ruwan da muka ƙetare?"

"Kwazazzaban duk a bushe muka same su, Baffa."

Ya daɗe yana kallona. Ban ga fushi a idonsa ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Teku nake nuhi, ɗana. Yamma nake nuhi. Gida."

Na tsaya riƙe da salka kamar dolo. Ya zauna a kan tabarmar, ya aje bakan a gabansa.

"Su Baba ba su san wata Nijar ba, ba su san Najeriya ba. Mai zuwa nan, Gabas ya tahi. Mai komawa, Yamma ya koma. Ranar da za mu taso ya nuna mini hanyar Azbin, ya ce in mun dawo daga Gabas can zai kai ni in harbi ragona na hwari. In mun dawo, ya ce. Gwaggonka tana cewa mutuwa ya zo yi. Wa ke ɗaukar baka zuwa hajji in ba mai niyyar komawa ba? Hanya ce ta cinye ƙarhinsa." Ya shafa bakan. "Ranar da zai cika ya ce in mai da wannan Yamma. Na ce to. Sai aure, sai 'ya'ya, sai takardu. Na waiwaya na ga na tsuhwa."

Duk abin da ya faɗa mini tsawon shekara ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya: daminar, da Sarkin Bakan, da ruwan. Babu inda ya ɓoye komai. Da Hausa ya yi magana, mu kuma muka ji ta da kunnen Madina. A tunaninsa bakin teku zan kai shi mu nemi jirgi, yadda suka zo. Na ce Baffa, ka yi haƙuri, ban sani ba. Ya ce ina zan sani, kalmar ta mutu da su Inna, mahaifiyarsu. Ya tambaye ni ina yamma take daga nan, don hadari ya rufe rana. Na nuna masa. Ya juya ya zauna yana kallon wurin, ba komai sai duwatsu a bayan duwatsu.

A haka na ga hannunsa ya tafi ƙirji. Fuskarsa ta yi toka-toka, gumi ya keto masa a cikin sanyin nan. Na sa masa ƙwayar ƙarƙashin harshe. Na ciro waya, babu shabaka ko layi ɗaya. Tsawa ta fashe a bayan tsaunin. Ban san lokacin da na sungume shi na sa a mota ba, ashe ba shi da nauyi ko kaɗan. Tabarma da gumba da salka duk a can na bar su. Bakan kaɗai ya ƙi saki.

Ranar Kunkuru ya yi gudu. Ina gangarowa tayoyi na kuka a kowace kwana, ramin da na ƙi kallo da safe yana leƙo ni ta taga. Ina ta cewa, "Baffa ka riƙe, don Allah ka riƙe har mu shiga haddi."

"Tsoron Gwaggonka kake ji," ya ce da ƙyar.

"Tsoron kowa nake ji, Baffa."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. A kwazazzabon da ke gindin dutsen na ga abin da na shekara ina mafarkinsa. Ruwa ja ya fara silalowa a kan yashi, siriri, yana tura karare a gabansa, kuma can sama ina jin ruri. Da da safe ne, da na tsaya na yi shawara. Na taka mota na faɗa ciki, na ji ta yi ɗan lilo, ta kama ƙasa ta fita. Ban waiwaya ba.

"Ɗana," ya ce, idonsa a rufe. "Kai za ka shiga rami da ni. Ba Yayanka ba."

"Baffa, bar wannan maganar. Ni ban taɓa shiga kabari ba."

"To ka soma da ni. In ka shiga kada ka rintse ido. Ka duba da kyau, kai mai gani."

Daga nan ya yi shiru. Na kira shi bai amsa ba. Wannan shi ne tsoro mafi girma da na taɓa ji, don ban san ko da rai nake tafe ko da gawa ba, kuma na kasa juyawa in duba. In na duba na ga ya tafi, to a wajen Madina ya tafi, kuma ni ne shaida. Na kafe idona a kan titi ina kuka ina gudu, har ginshiƙan haddi suka taso suka wuce. Sannan na ci birki a gefen hanya, na kai hannu wuyansa.

Ya buɗe ido ɗaya. "Wa ya ce ka tsaya?"

Ya yi kwanaki a asibiti aka sallame shi. Ya koma tabarmarsa, ya sa aka mayar da bakan bango. Bai sake ambatar farauta ba, bai sake ɗaga hanci ya shaƙi iska ba. Dangi suka ce alhamdu lillahi, ganin duwatsun ya kwantar masa da hankali. Ni kuwa wannan shirun ya fi ci mini rai a kan duk shirin da ya wahalar da ni. Sanyi na shigowa ya cika, a cikin Madina, yadda Gwaggo ta roƙa.

Da aka tashi daga makoki na je na zauna a gabanta na gaya mata komai. Da na kai kan kalmar sai ta rufe baki da hannu.

"Yamma," ta ce. "Wallahi haka Inna ke cewa. In ta ga sabon alhaji sai ta ce, yaya mutanen Yamma? Ni na manta, ya Rabbi, na manta." Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar rasuwar. Tana cewa ta tsare shi ya samu ƙasar, amma ta bar shi ya tafi da nauyin Baba a wuya.

Sai na gaya mata abin da na gani a Baƙi'a.

Da aka kawo shi bakin kabari Yaya ya tattare riga zai sauka, na riƙe shi na ce ni aka ce. Ya kalle ni da mamaki, ya matsa. Na sauka gwiwoyina na karo, ba kuma hannun da zai dafa su. Aka miƙo mini shi, na kwantar da shi a kan damansa, na juya fuskarsa alƙibla, kudunmu, gabas ɗinsa. Raina ya ce in rintse ido in fita. Sai na tuna, na buɗe na duba da kyau. Na bi tsawon jikinsa da kallo daga ƙafa zuwa kai, na ɗaga ido saitin inda kansa ya nufa. Ranar la'asar ce ta karkata a wurin, ta wajen Harami. Duk wanda aka kwantar a Baƙi'a, in fuskarsa ta dubi Ka'aba, to kansa yamma yake nufa. Bayan masallacin akwai Fiƙra, bayanta teku, bayan tekun hanyar da suka biyo. Baffa shi ya shiga rami da Kaka yana saurayi. Ya ga abin da na gani, ya riƙe shi tsawon ransa, ya san inda za a aje kansa in tafiyar ba ta yiwu ba.

Na sunkuya na gyara masa likkafani a wajen kai, na ce ƙasa-ƙasa, "Baffa, na gani. Ga Yamma nan saitinka."

Yaya ya miƙo hannu daga sama ya ce, "Yalla, fito." Tunda nake ban taɓa jinkirin barin wuri mai ban tsoro ba sai ranar, har sai da ya sake kira.

Gwaggo ta share ido da gefen mayafi. Ta tambaye ni ko Baba ma haka yake kwance. Na ce haka, da shi da Inna da mahaifina, duk kansu gida yake kallo.

Allah ya jiƙan Baffa, ya jiƙan wanda ya ɗauko bakan da niyyar komawa, ya sauke su a gidan da ba a sake tashi.